Kwano Mai Ɗigo Uku

Hawa'u: Alo? Alo! Salamu alaikum, Dada.

Dada: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

Hawa'u: Ni ce, Dada, Hawa'u. Daga Maruwa.

Dada: Na san garin da na aurar da ke. Ɗaga murya, wayar sai shuu take yi kamar an zuba ƙosai a mai.

Hawa'u: Ina wuni, Dada?

Dada: Lafiya.

Hawa'u: Yaya gida? Yaya zafin Garuwa?

Dada: Yana nan inda kika bar shi.

Hawa'u: Yaya ƙafar?

Dada: Tana kai ni inda zan je. Yaya yaran?

Hawa'u: Lafiya lau, suna gaishe ki. Muhaimin ya ce a faɗa miki ya kai izu biyar.

Dada: Madalla. Allah ya yi albarka.

Hawa'u: Amin. Ina Yaya Mahmudu?

Dada: Yayanki yana kasuwa tun safe.

Hawa'u: To, alhamdu lillahi. Dada... yaya Ni'ima? Me ta ce sun yi mata a can?

Dada: Kul! Kada ki sake yi mini wannan tambayar. 'Yar yayanki ta yi wata biyar a hannun 'yan bindiga, yau kwananta tara da dawowa, ba ki tako ƙafarki kin zo kin ga fuskarta ba, sai ki ɗauki waya ki ce me suka yi mata? Labarin kasuwa ne? Matan unguwarmu Djamboutou ma da ba su haɗa komai da ita ba sun fi ki sanin ya kamata. Su dai suna zuwa, su zauna, su yi barka, su tashi.

Hawa'u: Ki yi haƙuri, Dada. Wallahi ƙaramin ne ba shi da lafiya, kuma Baban Muhaimin ya ce in bari sai...

Dada: Mijinki ya ce. To.

Hawa'u: Ba don gulma na tambaya ba. Ni ma na goya yarinyar nan lokacin da uwarta ta rasu.

Dada: Kin goya ta sati biyu, ni na goya ta shekara ashirin da uku. Tunda kin tambaya, saurara, kada ki katse ni. Ranar da ta dawo, wani mai babur ne ya tsince ta tana tafiya a gefen titi, can wajen Ngong, babu takalmi. Da ya sauke ta a ƙofar gida ban gane ta ba. Ni! Na ɗauka mai neman sadaka ce, har na juya zan ɗebo mata gero. Sai ta ce, "Dada." Shi ke nan abin da ta faɗa, ba ta ƙara ba har kwana bakwai.

Hawa'u: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dada: In an ba ta abinci sai ta juya ta fuskanci bango, ta ci rabi, ta ƙulle rabi a bakin zani. Ɗaki kuwa ba ta shiga. In ta ga rufi a samanta sai numfashinta ya sarƙe. A ƙarƙashin darbejiyar nan ta bakin ƙofa take wuni, a nan take kwana. Ni ma na fitar da tabarmata.

Hawa'u: Da ƙafar taki? A waje?

Dada: Ƙafata ce, ba taki ba. Sidonie, maƙwabciyarmu mai aikin asibiti, ta duba ta, ta ce jikin zai dawo, a bar ta kawai kada a matsa mata da tambaya. Kin ji? Wadda ta yi karatu ma haka ta ce.

Hawa'u: Na ji, Dada. Amma Yaya Mahmudu ya ce mini ta fara magana.

Dada: Yaushe ya faɗa miki?

Hawa'u: Jiya da safe. Alo? Dada, kina ji na?

Dada: Ina ji. Ke kaɗai ce a ɗaki?

Hawa'u: Me kika ce? A kaɗa me?

Dada: Na ce ke kaɗai ce?

Hawa'u: Oh! E, yaran suna tsakar gida.

Dada: Tura ƙofa.

Hawa'u: Dada, lafiya?

Dada: Tura ƙofa na ce, ki zauna. Kin san yadda kwanuka ke taruwa in ana zuwa barka. Kowace mace ta aiko da abinci, har ba mu da wurin sa ƙafa a madafa. Shekaranjiya na zauna ina kife su ɗaya bayan ɗaya ina duba alamar gindinsu, don in san gidan da zan mayar wa kowanne. Wannan jan farce, na gidan liman. Wancan an karce shi da ƙusa, na gidan mai nama. Sai ga Ni'ima ta taso daga gindin bishiya, ta tsuguna kusa da ni, ta ɗauki soso tana taya ni wankewa. Na matsa mata wuri. Can hannunta ya kai kan nawa kwanon, ta kife shi, ta ga alamata.

Hawa'u: Shuɗin layin nan.

Dada: Shi. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa. Sai ta ɗago, ta yi murmushi, murmushin farko tun dawowarta, ta ce, "Dada, na gode da kwanon da kika aiko mini."

Hawa'u: Wane kwano?

Dada: Haka na ce a raina. Amma bakina cewa ya yi, "Ba komai, 'yar nan. Ya isa lafiya?" Sai magana ta ɓalle mata kamar an fasa tulu. Ta ce a wata bukka suka ajiye ta, a tsakanin duwatsu, ƙafarta ɗaure da igiya. Kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, ta yanke shawara gara ta mutu. Rana ta uku wani a cikinsu ya turo mata kwano da ƙafa, da ragowar dambun nama a ciki. Ta ture shi, ya kife. Sai ta ga shuɗin fenti a gindinsa.

Hawa'u: Subhanallahi! Alamarki?

Dada: Ta ce a take ta gane hannuna. Ta ce, "Ashe Dada ta san inda nake. Ta aiko mini da saƙo ta hanyar da waɗannan ba za su gane ba." Ta tsince dambun daga ƙasa ta ci. Daga ranar a cikinsa suke zuba mata abinci. Kullum in ta gama sai ta kife shi ta kalli alamar, ta ce gobe za a zo. Wata biyar, Hawa'u. Kwanon nan ne ya hana ta mutuwa.

Hawa'u: Allahu akbar. To ai Dada, ikon Allah ne! Wataƙila wani kwanonki ne ya ɓata a wani biki, ya bi hannu har...

Dada: Kwanona bai taɓa ɓata ba. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ban san yadda ake rubuta sunana ba, amma abin da na sa wa alama na san inda yake kwana. Na tambaye ta, "Layi ne kawai, irin wannan?" Ta ce a'a. Ta tsoma yatsa a ruwan wanke-wanke ta zana mini a kan siminti. Layi ɗaya, da ɗigo uku a samansa.

Hawa'u: Uku?

Dada: Uku na ce. Ko wayar ce?

Hawa'u: Ina ji.

Dada: 'Ya'ya mata uku na aurar, kowacce da hannuna na sa wa kwanukanta alama, da ragowar fentin ƙofar gidan nan. Ache ɗigo ɗaya. Ta rasu, kayanta suna ƙarƙashin gadona, na ƙirga su jiya. Su'ad ɗigo biyu, tana Yawunde. Ɗigo uku na wa?

Hawa'u: Dada, me kike nufi? Ni kike zargi? Ni zan sa a sace 'yar yayana?

Dada: Da ke nake zargi da ba a waya za ki ji ba. Tashi ki buɗe kabad ɗinki. Farare masu koren baki, masu murfi, guda shida na saya miki.

Hawa'u: Shekara goma sha shida fa ke nan! Wa yake...

Dada: Tashi.

Hawa'u: To, ga ni na tashi. Bari in... ɗaya, biyu... huɗu. Akwai ɗaya a madafa, biyar.

Dada: Na shidan fa?

Hawa'u: Ai wannan... wannan ya daɗe da ɓata.

Dada: A hannun wa?

Hawa'u: Baban Muhaimin nake zuba wa guzuri a ciki in zai kai albasa Touboro. Wata tafiya ya dawo babu shi, ya ce a tasha aka ɗauke daga cikin mota. Kin gani? Sata aka yi! Ɓarawon da ya ɗauka shi ne ya kai shi daji. Ai ɓarayi duk hanyarsu ɗaya.

Dada: Na so a ce haka ne. Kwana biyu ina roƙon Allah ya sa haka ne. Wace tafiya ce?

Hawa'u: Ban riƙe ba.

Dada: Kin riƙe. Ke ce ba kya manta ranar da kaza ta fara ƙwai.

Hawa'u: Kafin azumi ne. Satin da... satin da abin ya faru.

Dada: Me kika zuba masa?

Hawa'u: Dambun nama.

Dada: Mai citta da yawa, wanda kike bari ya ɗan kama a gindin tukunya. Ta ce har ɗanɗanon hannun Goggo Hawa'u ta ji.

Hawa'u: Wayyo Allah. To amma Dada, ki tsaya! Ai shi ne ya kai musu kuɗin fansa! Yaya Mahmudu ya kasa, kowa ya ji tsoro, shi ya ɗauki ransa ya shiga dajin nan. Wataƙila a lokacin ne ya bar...

Dada: Rana ta uku kwanon ya isa hannunta. Mu kuwa sai da muka yi kwana ashirin muna zaga asibitoci da ofishin jandarma kafin mutanen nan su kira waya. A rana ta uku babu wanda ya san tana raye ko ta mutu. Babu wanda ya san dutsen da take. Amma dambunki ya sani.

Hawa'u: Dada, ki daina. Don Allah ki daina.

Dada: Sau nawa kika ƙara yi masa dambu bayan wannan?

Hawa'u: Ban sani ba! Sau uku... sau huɗu. Ya ce yaran mota ne suke cinyewa, in riƙa yi da yawa. A leda nake ƙulla masa tunda kwanon ya ɓata.

Dada: Sau huɗu ta ce an ƙara kawowa.

Hawa'u: La ilaha illallahu.

Dada: Saura ɗaya. Ranar da za ta tafi fara aikin nan na asibitin ƙauye, wa ya je ajans, ofishin masu mota, ya yanko mata tikiti?

Hawa'u: Shi ne, yana Garuwa ranar. Taimako ya yi! Ya ce ya san masu motar, za su ba ta kujerar gaba.

Dada: Mutum goma sha takwas ne a motar. Da suka tare hanya ba su taɓa jakar kowa ba. Ɗaya ya leƙo ta taga ya ce, "Wace ce Ni'imatullahi?" Cikakken sunan, yadda aka rubuta a tikiti. Ke kin taɓa jin wani ya kira ta haka tun ranar suna?

Hawa'u: Uban 'ya'yana ne, Dada. Shekara goma sha shida. Mutumin da sallar asuba ba ta wuce shi a masallaci. Da ya dawo daga kai kuɗin nan kuka ya yi a gabana, na gani da idona!

Dada: Ni ma ya yi a gabana. Har ruwa na ba shi ya wanke fuska.

Hawa'u: Kin faɗa wa Yaya Mahmudu?

Dada: In faɗa wa yayanki? Mutumin da ya sayar da shanun ubansa kaf ya damƙa wa surukinsa kuɗin? Wuƙa zai ɗauka ya hau mota, in rasa ɗa a gidan yari bayan na samu jika. Na so in tabbata tukuna. Yanzu na tabbata. Gobe da safe zan sa mayafina in bi Sidonie wurin ƙaninta Théodore, jandarma ne, a zaune zan faɗa masa komai.

Hawa'u: Ita Ni'ima ta gane?

Dada: Ba ta gane ba. Har yanzu a wurinta saƙona ne. Na ce ni na aika, ta hannun goggonta. Me kike so in ce? In karɓe mata abin da ta riƙe wata biyar? Jiya ma cewa take, in ta ga Goggo Hawa'u da mijinta sai ta durƙusa har ƙasa ta gode musu da kwanon nan. Shi ya sa nake so ki ji da kyau. Kada ku zo. Ki ƙirƙiro ciwo, ki ƙirƙiro biki, duk abin da za ki ƙirƙiro. Kada mutumin nan ya haɗa ido da ita kafin in ga Théodore. Yana ina yanzu?

Hawa'u: ...

Dada: Alo? Hawa'u! Rezon waya ne ya ɗauke ko ke ce?

Hawa'u: Dada, abin da na kira in faɗa miki ke nan tun farko.

Dada: Faɗi.

Hawa'u: Jiya da Yaya Mahmudu ya ce ta fara magana, murna ta kama ni, na faɗa wa Baban Muhaimin. Yana cin abinci, sai ya tsame hannu. Ya ce me ta ce? Na ce ban sani ba. Ya fita da waya ya daɗe. Da ya dawo ya ce akwai wani malami a nan bayan Maruwa mai yi wa irin waɗannan addu'a, waɗanda tsoro ya shiga jikinsu. Ya ce gara a ɗauko ta daga cikin mutane, surutu zai dame ta.

Dada: A ɗauko ta.

Hawa'u: Sun yi magana da Yaya Mahmudu, ya amince. Yaya ya ce ba shi da wanda ya fi yarda da shi a duniya. Na ɗauka ya faɗa miki! Har na gyara mata ɗaki, na sa sabon zanin gado...

Dada: Wane malami? Sunansa?

Hawa'u: Bai faɗa ba.

Dada: Wane gari?

Hawa'u: Ya ce sai an bar kwalta an ɗan shiga ciki. Ya ce su biyu, shi da Ni'ima, za su fara biyawa can kafin su iso gida.

Dada: Yaushe mijin naki Abdelkerim zai taso?

Hawa'u: Ya riga ya taso, Dada. Ana idar da azahar ya tayar da mota.

Dada: Azahar. Yanzu rana ta kusa faɗuwa.

Hawa'u: Wataƙila hanya ta riƙe shi. Akwai ramuka wajen Figuil, kuma 'yan sanda suna tsayar da... Dada! Dada, ga kira yana shigo mini. Shi ne!

Dada: Kada ki ɗauka.

Hawa'u: In ban ɗauka ba zai san akwai wani abu. Ban taɓa ƙin ɗauka ba.

Dada: In kika ɗauka da muryar nan taki, a kalma biyu zai gane. Ke ba ki iya ƙarya ba tun kina yarinya. Bar shi ya yi ta ƙara.

Hawa'u: Ya katse. Wayyo, ya sake kira. Me zan yi? Me zan ce wa yaran nan?

Dada: Ba yanzu za ki yi kuka ba. Share fuskarki. Ɗauki kwano ɗaya cikin biyar ɗin, ki naɗe a zani. Kwashi yaranki ku tafi gidan ƙawarki ta unguwar Domayo, ki ce ƙaramin ne jikinsa ya tashi, kina so ki kwana kusa da asibiti. Kada ki je gidan danginsa. Kin ji ni?

Hawa'u: Na ji. Ke fa? Ki kira Sidonie yanzu!

Dada: Tana wurin aiki sai bayan isha'i.

Hawa'u: To ki fitar da Ni'ima ta baya!

Dada: Gidan nan ƙofa ɗaya ubanki ya yi masa, kin sani. Tana zaune a bakinta, yaran yayanki huɗu sun kewaye ta, tana yi wa ƙaramar kitso. Tsaya.

Hawa'u: Mene ne?

Dada: Yi shiru.

Hawa'u: Dada?

Dada: Motarsa har yanzu tana wannan tarin in an kashe ta?

Hawa'u: E. Sau biyu take yi.

Dada: To ya iso.

Hawa'u: Inna lillahi! Dada, kada ki bari ta yi masa magana! Kada ki bari ta ambaci...

Dada: Ni'ima! Ke Ni'ima! Zauna, ba ke za ki buɗe ba. Na ce saki sakatar nan! Na san ko wane ne, na ji motar, ba kurma ba ce ni. Za ki gaishe shi, amma ba da kai babu ɗankwali ba, kamar wadda ba ta da uwa a gida. Zo nan.

Hawa'u: Ta saki?

Dada: Kwashe mini yaran nan ki kai su ɗakina. E, ciki. Na san ba kya so. Ni ƙafata ta riƙe, ba zan iya ɗaukar ƙaramar ba, ke za ki kai ta. Ki zauna da su, ki sa sakata ta ciki, kada ki buɗe sai kin ji muryata ni kaɗai. Kalle ni. Wata biyar kin yarda da ni ba ki gan ni ba, yanzu ga ni a gabanki. Shiga.

Hawa'u: Ta shiga? Dada, ta shiga?

Dada: Ta tsaya a bakin ƙofar tana kallon rufi.

Hawa'u: Ina jin bugu. Shi ne yake buga ƙofa?

Dada: Wa alaikumus salam! Ana zuwa, Alhaji, tsohuwa ce, sai a hankali! Hawa'u, kashe wayarki gaba ɗaya, ki yi abin da na ce.

Hawa'u: Dada, me za ki ce masa? Ke kaɗai ce fa!

Dada: Tabarma zan shimfiɗa masa a waje in ba shi ruwa, kamar kowane baƙo. Yauwa, 'yar nan, ƙafa ɗaya, saura ɗaya. Haka. Ku kuma me kuke kallo? Wane ne ya ce rana ba ta faɗi ba? A gidana ni ke cewa dare ya yi. Ku wuce ciki ku kwanta, kowa ya rufe ido, kada in ji ko tari!